HDFury 3 da tsohon majigina mai ido uku

Ɗan akwatin nan bai fi tafin hannu ba, amma kuɗin da na biya a kansa ya fi wanda na sayi majigin da yake yi wa hidima. Sunansa HDFury 3, wasu masu sayarwa kuma suna rubuta shi X3. Aikinsa ɗaya ne tak: ya karɓi hoto ta wayar HDMI, daga dikoda ne ko kwamfuta ko PlayStation, ya juya shi zuwa irin siginar da na'urorin shekarun 1990 suke ganewa. Mai talabijin ta bango ba shi da buƙatarsa. Bayanin nan na 'yan tsirarun da Allah ya haɗa su da majigi mai kwalba uku ne, ko yana rataye a falo ko yana sito ƙura ta lulluɓe shi, suna tambayar ko zai sake moruwa. Zai moru, kuma wannan akwatin ne ya tabbatar mini da haka. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun fi akwatin kansa muhimmanci.

Majigin nawa Sony ne, samfurin VPH-1272QM, ƙirar tsakiyar shekarun 1990. Harafin M na ƙarshe yana da amfani a sani: shi ne wanda aka yi don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240, irin tamu. Mai Q kaɗai na kasuwar Amurka ne, wutar 120 yake ci, kada a kuskura a jona shi kai tsaye a bango. Na same shi a gwanjon kayan wani ofis da ke sabunta ɗakin taronsa nan Kano. Ba wanda ya taya, don sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi, kuma masu sayen kujeru da kwamfutoci ba su ma san ko mene ne ba. Ni kuwa na daɗe ina gyaran talabijin kafin ido ya fara gajiya, na san abin da ke cikinsa. Babu ƙwan fitila. Kwalabe uku ne irin na talabijin mai ƙeya, ja da kore da shuɗi, kowace da gilashinta a gaba, su ukun suna jefa hotonsu wuri ɗaya a kan allo. Inda hoto ya ce baƙi, kwalbar ba ta fitar da haske ko kaɗan, shi ya sa daren cikin fim yake zama dare na gaske. Majigin zamani mai araha, irin na gidajen kallon ƙwallo, fitilarsa a kunne take koyaushe, tare hasken kawai yake ƙoƙarin yi, sai baƙinsa ya fito toka-toka. Wannan baƙin, da laushin hoton da ba ya nuna ɗige-ɗige ko ka matso kusa, su ne dalilin da mutum zai jure nauyi da ƙarar fanka.

Matsalar a bayansa take. Ƙofofin da ke ba da hoto mai kyau guda biyar ne, na BNC, irin waɗanda ake turawa a murɗa su kama. Uku na launi ne, biyu kuma, masu alamar H da V, su ne ke gaya wa kwalabe lokacin fara sabon layi da lokacin komawa sama a fara sabon shafi. Ana kiran tsarin RGBHV, kuma kusan shi ne siginar VGA ta tsohuwar kwamfuta, kan wayar ne ya bambanta. Ban da su akwai ƙofar bidiyo ta da, wadda ake jona waya mai kan rawaya. Yanzu duba bayan duk abin da ake kallo da shi a yau. PlayStation 4, da ta fito a 2013, HDMI kaɗai take fitar da hoto. PlayStation 5 haka. Fire TV Stick ma shi kansa kan HDMI ne aka yi wa jiki. Dikodar tauraron ɗan adam tana da waya mai kan rawaya har yanzu, amma hoton da take bayarwa ta nan mai layi 576 ne, kuma an cakuɗa launi da haske a waya ɗaya. A ƙaramar talabijin ba laifi. A allon da ya kai faɗin mita biyu, gefen rigar ɗan wasa har rarrafe yake yi.

Ba wai juya lambobin da HDMI ke aiko da hoto a cikinsu zuwa tsohuwar sigina ne yake da wuya ba, ƙaramin guntu ɗaya yana yin wannan. Kwaɗon da aka ɗora ne. Kamfanin Intel ya ƙirƙiro wani tsarin kulle mai suna HDCP don hana kwafar finafinai, aka sa shi a cikin HDMI. Kafin na'ura ta saki hoto sai ta tambayi abin da ke ɗaya ƙarshen wayar ko yana da mabuɗi. In babu amsa, baƙin allo za ka gani, ko yayyafin ɗige-ɗige. Masu Blu-ray ma sun ƙara ɗaure abin: na'urorin da aka ƙera bayan ƙarshen 2010 an hana su fitar da cikakken hoton faifai ta tsofaffin wayoyi, bayan ƙarshen 2013 kuma aka cire ƙofofin gaba ɗaya. Wato majigin da ke iya nuna hoto mai layi 720 ko 1080 tun kafin a haifi HDMI, an rufe masa ƙofa ba don gazawarsa ba. HDFury 3 yana amsa tambayar mabuɗin, na'ura ta saki hoto, shi kuma ya miƙa wa majigi. Masu finafinai ba su taɓa ƙaunar irin waɗannan akwatuna ba. A farkon 2016 labari ya bazu cewa Warner Bros. da kamfanin da ke ba da lasisin HDCP sun kai LegendSky, mai ƙera HDFury, ƙara a New York a kan wasu akwatunansa na 4K. Ni dai abin da na biya kuɗin kallonsa nake kallo a ɗakina.

Kafin shi na fara da na kasuwa, kamar yadda kowa zai fara. Akwai 'yan ƙananan kwanbata na HDMI zuwa VGA, farare ko baƙaƙe, babu sunan kamfani a jikinsu, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Yaron shagon ya ce mini, "Alhaji, ai duk abu ɗaya ne, suna kawai ake saya." Na ce masa, "To yaro, in bai yi ba zan dawo maka da shi." Ya yi dariya ya ce, "Baba, in dai laftof ce zai yi." Gaskiya ya faɗa, da laftof ya yi. Amma da na jona dikoda, wani lokaci hoto ya zo, wani lokaci ya ƙi. In ya zo, baƙin ya ɗago ya zama toka, wato ainihin abin da na ajiye majigin dominsa ya tafi. Idan fim ya tashi daga duhu zuwa fari fat, sai hoton ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Dalilin wannan na ƙarshen na san shi: irin waɗannan kwanbata daga jikin wayar HDMI suke shan wuta, kuma ƙa'idar HDMI ba ta tilasta wa na'ura ta ba da fiye da miliamf 55 ba. Guntun yana neman fiye da haka, sai ya riƙa shiɗewa. Siginar 1080i kuwa, wato mai layi 1080 da ke zuwa rabi-rabi ana tsallake layi, wadda dikoda ta fi so, bai ma karɓe ta ba. Araha ba ta ado. Wanda zai haɗa laftof da majigin aji don nuna rubutu, ya saya, zai yi masa. Don kallon fim a ɗaki mai duhu, a'a.

Akwai kuma ɗayan nau'in, mai juya HDMI zuwa waya mai kan rawaya. Wannan ba na ma ba da shawararsa. Hoton 720p, wato mai layi 720 da ke zuwa cikakke ba tsallake layi, yana da ɗigo 921,600, na 1080 yana da 2,073,600, shi kuwa zai matse su ya mayar da su ƙasa da 415,000, sannan ya cakuɗa launin. Gara ka jona dikodar kai tsaye ka huta.

HDFury ɗin ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ne ya zo mini da shi. Da ya ga farashin, wanda ya haura dala 200, sai da ya kira ni ya ce, "Kawu, da wannan kuɗin ai cikawa za ka yi ka sayi sabon majigi." Na ce ya sayo dai, in ya zo hutu ya zauna ya gani da idonsa. Na kuma ja masa kunne ya saya daga kamfanin ko dillalinsa, don an sha yin jabun akwatunan HDFury.

A jikinsa akwai ƙofar HDMI biyu, don haka dikoda da PlayStation suna jone a lokaci ɗaya ba sai ana cire waya ba. Yana da nasa abin jona wuta mai bolt 5, ba ya dogara da wayar HDMI. Akwai maɓallin zaɓi tsakanin RGB da siginar waya uku ta ja da kore da shuɗi irin ta tsofaffin DVD. Don majigina RGB ne. Akwai jerin 'yan ƙananan maɓallai da ake turawa da bakin allura ko tsinke, ciki har da mai juya fuskar siginar H da V. Sony ɗina bai damu da wannan ba, ko ta wace fuska ta zo yana kamawa, amma masu tsofaffin Barco, ƙirar Beljiyam, sun san darajarsa, don wasu daga cikinsu suna da zaɓe. Sauti yana fita ta ƙaramar ƙofa ɗaya wadda ke ɗaukar wayar sitiriyo ta yau da kullum ko wayar haske mai zuwa amfilifaya. Hoton kuma yana fita ta kan VGA, daga nan ka ɗora wayar da ke rabuwa zuwa BNC biyar.

Wannan wayar ta ƙarshe kada a yi mata rowa. Ta zama mai kauri, kowane layi da rigarsa, mai om 75, kuma gajeruwa. Na ɗaure akwatin a kusa da majigin a sama, na ja doguwar HDMI zuwa inda dikoda take. Lambobi ba sa damuwa da tafiyar 'yan mitoci, amma siginar da ta riga ta juye tana raunana a hanya, kuma in wayar ba ta da kyau za ka ga inuwa a gefen dama na kowane rubutu.

Yanzu ga wurin da mafi yawan mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. HDFury 3 ba ya canza girman hoto. Abin da aka ba shi shi yake bayarwa: in na'ura ta turo 1080p, majigi 1080p zai samu, in ta turo 720p, haka. Shi kuma akwatin yana shaida wa na'ura cewa yana iya ɗaukar 1080p, don haka duk na'urar da aka bari ta zaɓa da kanta, mafi girman za ta zaɓa. Majigi mai kwalba ba shi da ƙayyadaddun ɗigo kamar talabijin ta bango. Zana layi yake, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan tsinin haske mai gudu daga hagu zuwa dama. Abin tambaya biyu ne: layi nawa zai iya zanawa a sakan ɗaya, kuma tsinin nasa sirantarsa ta kai ina.

Ta fuskar gudu, lissafin a bayyane yake. Talabijin ɗinmu ta da, tsarin PAL, layi 15,625 take zanawa a sakan. Siginar 1080i ta dikoda, mai shafi 50 a sakan, layi 28,125 ce. 720p mai 50 tana neman 37,500, mai 60 kuma 45,000. 1080p mai 50 tana neman 56,250, mai 60 kuma 67,500. Majigina yana iya bin duk waɗannan, har da saura. Amma akwai tsofaffin majigai da aka yi don kaset ɗin bidiyo kaɗai, waɗanda ba su wuce gudun talabijin ta da ba. Mai irin wannan kada ya sayi HDFury ko kaɗan, ba abin da zai ƙara masa, kuma tura wa majigi gudun da ya fi ƙarfinsa wahalar da kayan cikinsa ne. A fara duba takardar majigin ko lambar samfurinsa kafin a tura kuɗi.

Ta fuskar sirantar tsini kuwa, nan ne gaskiya take fitowa. Fuskar kwalbar 4:3 ce, hoton zamani kuma 16:9, don haka kashi uku cikin huɗu na tsayin kwalbar kaɗai yake amfani da shi. Cusa layi 720 a wannan fili daidai yake da layi 960 a cikakkiyar fuska, layi 1080 kuma daidai da 1,440. Kwalaben 1272 ƙanana ne, tsininsu yana da ɗan kauri. Kamar mai huɗa ne da garma mai faɗi: in ka ce ya fitar da kunya 1,440 a gonar da ba ta ɗaukar ko dubu, zai yi ta kai da komowa, amma kunyoyin hawa juna za su yi har ka kasa bambance su. Na gwada 1080p, ya kama, hoto ya fito, sai dai ya fi na 720p dushewa, ƙananan rubutu suka haɗe, majigin kuma ya ƙara ɗumi. Da na mayar da shi 720p sai gashin gira da zaren riga suka fito. Cikakken 1080p aikin manyan majigai ne masu kwalba inci tara, irin su Sony G90 da Barco Cine 9 da Electrohome Marquee 9500. Ga namu matsakaita, 720p ko 1080i, kuma babu abin kunya a ciki.

Tsakanin waɗannan biyun, na bar dikoda a 1080i, tunda haka tashoshin HD suke zuwa, kuma kwalba tana nuna hoto mai tsallake layi yadda yake, ba sai an sarrafa shi ba kamar a talabijin ta bango. PlayStation da Fire TV Stick kuma na kulle su a 720p. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara jona kowace na'ura a talabijin ta zamani, a shiga saitinta a zaɓi girman da hannu, a kashe HDR, a kashe zaɓin shafi 24 a sakan, sannan a kawo ta wurin majigi. Shafi 24 ɗin nan yana da kyau a talabijin ta bango, amma a kwalba ƙyafta ido yake har kai ya yi ciwo, don hasken kwalba yana mutuwa tsakanin shafi da shafi. Ko 50 ɗin ma, in farin fili ya cika allo, mai kaifin ido zai lura da ɗan rawa. Da kwamfuta na samu abin da ya fi: 720p mai shafi 72, wato 24 sau uku, layi 54,000 a sakan. Akwatin ya wuce da shi lafiya, kuma motsin kyamara a fim ya zama sumul, babu wannan ɗan tuntuɓen da ake gani a 60.

Kowane sabon gudu da ka ba majigin, sai ka zauna ka daidaita masa launukan uku su hau juna, ka adana a ma'ajiyarsa. Wannan ba laifin akwatin ba ne, halin majigin ne. Ana barinsa ya yi ɗumi kamar minti 20 zuwa 30, a fito da ragar layuka, a fara da kore, a ɗora ja a kansa, sannan shuɗi, tsakiya tukuna kafin kusurwoyi. Shi ya sa ba na son yawan girma daban-daban. Uku na tsayar, 1080i mai 50 da 720p mai 60 da na kwamfuta mai 72, na hana kowa a gidan taɓa saitin.

Abu na farko da na lura da shi bayan jonawa shi ne hoton ya ɗan karkata hagu. Sananniyar ɗabi'a ce idan aka juya HDMI zuwa RGB, don tazarar da siginar zamani ke bari kafin farkon layi ba irin wadda tsofaffin na'urori suka saba da ita ba ce. HDFury 3 yana da maɓallin tura hoto hagu ko dama, kuma ya gyara mini abin ba tare da na ja saitin majigin har ƙarshensa ba. Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma wanda ya taɓa fama da shi ya san ba ƙarami ba ne, don tilasta wa majigi ya ja hoto gefe ɗaya yana ɗora wa wani sashen cikinsa nauyi.

A kan launi da baƙi ba ni da ƙorafi. Bidiyo yana sa baƙi a lamba 16, fari a 235, kwamfuta kuma tana amfani da 0 zuwa 255, kuma rikita waɗannan biyun shi ke sa baƙi ya zama toka ko duhu ya haɗiye komai. Akwatin ya fitar da na bidiyo daidai, fatar mutum ta fito fatar mutum, ba kore-kore ba ja-ja. A PlayStation da kwamfuta dai sai ka tabbatar zaɓin da ka yi a can ya dace da na akwatin. Abin da ba ya yi shi ne ɗaga wuraren da ke dab da baƙi. Kwalba tana da nauyin tashi daga duhu, don haka a fim mai yawan dare za ka ga baƙar riga ta haɗe da bango. In ka ƙara haske daga majigi don ka gani, baƙin ya lalace. Maganin shi ne gyaran gama, wato ɗaga hasken wuraren duhu ba tare da taɓa baƙin ba, kuma kamfanin ya yi wani ɗan akwati daban mai suna GammaX don haka, wato wani kuɗin. A ganina abin da ya kai wannan farashi ya kamata ya zo da shi a ciki. Ni ta kwamfuta nake gyarawa idan fim zan kalla, ƙwallo da labarai kuma ba sa buƙata.

Yaran gidan sun fi ni lura da wani amfanin. Tunda akwatin ba ya ajiye hoto ya sarrafa shi, kwalba ma ba ta jira, babu jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi a allo. Ɗan ƙanwar tawa da ya zo hutu ya buga wasan ƙwallonsa a kai, abin da ya ce kawai shi ne, "Kawu, wannan ya fi talabijin ɗina saurin amsawa." Bakin mai magana da muryarsa ma suna tafiya tare, ban taɓa saitin jinkirin sauti a amfilifaya ba.

Amma wasa da ƙwallo su ne kuma abin tsoro. Fuskar kwalba tana ƙonewa a hankali, kuma duk abin da ya daɗe a wuri ɗaya yana barin tabo: tambarin tasha, akwatin ƙidayar ci da minti a kusurwa, sandar labarai a ƙasa. Tabon ba ya gogewa. Ana ƙiyasta rayuwar kwalba da awa 10,000 idan an bi ta a hankali, kuma samun sabuwa yanzu sai an sha wuya. Don haka duk mai tunanin ya sayi wannan akwati ya ɗora tsohon majigi a gidan kallo, ya ajiye tunanin. Hasken ma ba zai isa ba: idan fari ya cika allo, irin wannan majigi bai kai lumen 300 ba a ma'aunin haske, ƙaramin hasken taga ya isa ya wanke hoton. Ɗakina labule mai kauri biyu na sa, kuma sai bayan isha'i ake kunnawa. Wasa ɗaya a ƙarshen mako ba ya kashe kwalba, in an rage kwantiras, wato ƙarfin farin hoto. Daga safe zuwa dare kullum zai kashe ta.

Sai batun wuta, wanda a nan ba a tsallake shi. Akwatin kansa ba ya cin komai. Majigin kuwa, mitar inbatata tana nuna tsakanin wat 400 da 500 idan yana aiki. Ba na jona shi a wutar NEPA kai tsaye ko a ƙaramin janareta. Ɗaukewar wuta farat ɗaya na iya sa tsinin haske ya tsaya wuri ɗaya ya huda fuskar kwalba, idan kariyar cikin ta tsufa, kuma kayan da suka shekara kusan talatin ba a yi musu wannan gwajin. Inbata ko UPS mai ƙarfi, sannan sitabilaiza. Tsarin kunnawa ma na tsayar da shi: akwati da dikoda tukuna, majigi daga ƙarshe, wajen kashewa kuma majigi ne farko. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40, ba na kunna shi sai ɗakin ya huce. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana toshe hanyar iska, tana kwanciya a gilashi. Ina rufe shi da zani idan ya huce, ina hure ƙurar lokaci-lokaci. Wanda ba sana'arsa ba ce kada ya buɗe murfin ya sa hannu, akwai wutar da ta haura bolt 30,000 a ciki.

Shin akwai abin da ya fi shi? Ga mai Sony, akwai katin Moome, wanda ake zare katin shigar hoto na bayan majigin a zura shi a gurbinsa, sai majigin ya samu ƙofar HDMI a jikinsa, babu wayar BNC, kuma yana da gyaran gama a ciki. Da na samu mai kawo mini shi cikin sauƙi, da shi zan fi karkata. Sai dai katin na majigan Sony ne kaɗai, in majigin ya mutu sai ka sake samun wani Sony kafin ya moru, HDFury kuwa zai koma kan Barco ko NEC ko tsohon allon kwamfuta ba tare da gardama ba. Sama da su duka akwai na'urorin sarrafa hoto irin na Lumagen, waɗanda ke karɓar kowace sigina su fitar da girma ɗaya da ka zaɓa, su gyara gama da launi. Su ne ke raba mutum da daidaita ma'ajiya uku, amma kuɗinsu wani zance ne, kuma yawancinsu HDMI suke fitarwa, wato za ka sake buƙatar irin wannan akwatin a gabansu.

Hukuncina a kan HDFury 3 shi ne ya yi aikin da aka saye shi dominsa. Ban ga ya ƙara wa majigin komai ba, ban kuma ga ya rage masa ba, kuma na kasuwar a nan ya faɗi. Tun da na ɗaure shi a sama ban sake hawa tsani dominsa ba. Yana ɗan ɗumi idan ya daɗe a kunne, don haka na bar masa sarari iska tana ratsawa. Farashin ne ke da ɗaci, musamman in aka juya shi zuwa naira.

Saboda farashin nan, a duba majigin kafin a sayi akwatin. A kashe shi, a haska tocila ta cikin kowane gilashi a kalli fuskar kwalbar. In fara ce sol ko ta ɗan yi ruwan madara, da sauranta. In ka ga murabba'i mai ruwan ƙasa a tsakiya, ko inuwar rubutun kwamfuta, ta ƙone, kuma kore da shuɗi ne suka fi saurin nuna haka. A duba ruwan sanyaya da ke gaban kwalbar ko ya yi gizo-gizo, don yana yin hakan idan ya tsufa, kodayake wannan mai gyara na iya zubarwa ya sake. A shiga saitin a ga awa nawa ya yi. Sannan a jona tsohuwar laftof mai VGA ta wayar BNC biyar, a sa ta a 1280 da 720, a kalli hoton a cikin duhu na rabin awa. Abin da ka gani a nan shi ne iyakar abin da HDFury zai ba ka daga dikoda. In koren ya riga ya yi ruwan ƙasa, riƙe dalolinka ka fara neman kwalba.